Yayata da Tukwanen Iskar Aro

Kafin rana ta fito yayata ta riga ta goge farar rigarta ta kama hanyar asibitin gwamnati. In ta shiga ɗakin yara ba ta ajiye jaka sai ta bi gado-gado tana taɓa goshi, ta murɗa kan tukunyar iskar numfashi ta ji ko da saura. A watan nan ta yi ritaya. Ni ƙanwarta ce, 'yar jarida, kuma ba zan ɓoye muku ba, kishinta nake yi.

To ina dalilin da ba zan yi ba? Shekara da shekaru ina caccakar ma'aikatar lafiya a shafina, amma ko a kasuwa sunana "ƙanwar Sista". Mahaifiyarmu kuwa jaridata take shimfiɗawa ta jera kwanuka a kai.

Wata shekara iska ta yanke a ɗakin, aka rasa jarirai. An daɗe ana kai kuka sama ba a aiko da komai ba, amma sai hukumar asibiti ta ɗora laifin a kan wata nas da ke bakin aiki a lokacin, ta dakatar da ita. Da surutu ya yi yawa ministan lafiya ya ce zai zo. Aka yi fenti, aka aro tukwanen iska daga asibitin kuɗi aka jera.

Ranar da ya zo an tura ni wani aiki. Mai sharar ɗakin ce ta ba ni labari. Ta ce minista na shafa tukunya yana murmushi ga masu ɗaukar hoto, sai Yaya ta matso.

"Ranka ya daɗe, ka shafa da kyau, na aro ne. Kana fita mota za ta kwashe su."

Shugaban asibiti ya yi ta ƙifta mata ido. Minista ya ce, "Sista, za mu bincika."

"An riga an bincika, ai an kori wadda ta riƙe yaran a hannunta. Wanda bai aiko da iskar ba, shi wa zai kore shi?"

Maganar ta zaga ƙasa. Majalisa ta kira minista, bai kai ƙarshen shekara a kujerar ba. Tukwanen suka zauna, nas ɗin ta koma aikinta. Yaya kuwa aka cilla ta wani ƙaramin asibiti mai nisa, ƙarin girma ya wuce ta har ta gama aiki.

Ranar da na ji labarin na same ta a gida ina huci. "Haba Yaya! Labari irin wannan a gidanmu, sai a bakin wasu zan ji?"

Ta yi dariya. "Ke da kin tsara shi da daɗi. Ni ban iya ba, faɗa kawai na yi."

Yaya, ke ce mai tsayawa inda ake sunkuyar da kai. Na fi ki iya magana, kin fi ni sanin inda ake yin ta, kuma wannan ne yake ci mini rai. Na gode, a madadin uwayen da suka koma gida da 'ya'yansu a goye. Ku da kuke cikin farar riga yanzu, in babba ya zo duba fenti, ku nuna masa abin da ke bayansa. Ko ni da nake kishinta, fatana Allah ya ƙaro mana irinta.