Masu Iyo a Randar Inna

Wata biyu ina zuwa karatun manya, madam ba ta bar ni na more alli ba. Na ji haushi, kuma ban ɓoye ba.

Shekarun baya ne, bayan babban farin nan, a ƙauyenmu kusa da Kwaya. Ina da 'ya'ya huɗu na ɗauki allo. Aka turo mana wata yarinya daga Damagaram, muna ce mata madam, ko ƙanwata ta girme ta. A tsammanina za a jera mu kan benci kamar 'yan lakwal, yaran makarantar boko, mu yi ta rera baƙaƙe. Ina! Yau a kawo zangarniyar gero, gobe saiwar gyaɗa, jibi haƙorin akuya. Sai mun juya abu, mun shinshina, mun faɗi abin da muka gani, sannan ta rubuta sunansa.

Ranar da ta miƙo mini kwalba ta ce in ɗebo ruwan tafki, haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Madam, ɗiban ruwa da shi na tashi. In shi kika zo koya mana, ba ni allin ki zauna."

Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Ta ce, "Yaya, ɗebo dai. In ba ki ga komai ba, allin naki ne."

Na ɗebo ina ƙunƙuni. Ta bar shi ya kwanta, ta ɗaga shi wajen rana, ta ce in matso. Sai ga wasu fararen abubuwa kamar kan allura, suna zabura cikin ruwan kamar ƙuma. Ta ce su ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu. Mutum ya sha, in shekara ta zagayo tsutsar ta ɓullo masa a ƙafa.

Na ce, "Ban yarda ba. Kurkunu a jinin gidanmu yake."

Ta ce, "Ba sai kin yarda ba, Yaya. Suna nan tun kafin a tambaye ki, kuma ba za su tafi don kin ƙi ba. Ke dai duba."

Ta tace ruwan da farin ƙyalle cikin wata kwalbar. Na duba har idona ya yi ƙwalla, babu mai motsi. Sannan ta ba ni alli, na rubuta kurkunu, a karkace kamar shi kansa.

Hankalina kuwa yana wurin mahaifiyata. Kowace damina kurkunu kan kwantar da ita, daidai lokacin da gayaunarta ke neman hauya. Ni nake naɗe mata shi a tsinke, kaɗan-kaɗan, tana cije baki. Ga shi ba ta shan ruwan rijiya, wai zartsi gare shi.

Da la'asar na kai mata sabon ruwan tafki a kwalba, ina taƙama kamar ni na ƙirƙiro abin. Na manta idonta ya yi yana. Ta ɗaga, ta juya, ta ce, "'Yar nan, haske kawai nake gani. Kuma kakanninki shi suka sha."

"Shi ya sa dukkansu da sanda a hannu na san su, Inna."

Ta yi dariya. "Bakinki ya fi karatunki nisa." Sai ta maido mini kwalbar a hankali. "Kada ki sa ni tsoron ruwan da ya raine ni a kan abin da ban gani ba."

Na karɓi kwalbar. Ni da ko awa uku ban yi da ƙaryata madam ba, ga ni ina so tsohuwa ta yarda da magana tsura.

Yau ina karanta jarida, ina rubuta abin da kuke gani. Amma karatuna a kwalbar nan ya fara: abu tukuna, sannan sunansa, sannan baƙi. Jikokina in sun tambaye ni abu, nakan ce mu je mu gani. Inna kuwa ta ƙara kwanciya damina ɗaya, don ruwan da ta riga ta sha. Daga nan har Allah Ya karɓi abinsa, da ƙafarta take zuwa gayauna.

Washegarin ranar da na kai mata kwalbar nan, na ciro farin kallabina da nake ajiya don Salla, na wanke, na ɗaure a bakin randarta. Na tuttula tulu guda ta cikinsa. Sannan na kamo hannunta, na bi da yatsanta a kan ƙyallen, inda dattin ya taru yana santsi.

Ta daɗe tana murzawa. Ta ce, "Wannan nake haɗiya?"

Na ce, "A da ke nan, Inna."

Na cika moɗa daga randar, na miƙa mata.