Larabar Ɗakin Yara

Yara ne suka sa mata Anti Shiru, don ko fensir ya faɗi a laburaren nan sai ta ɗago ta kalle ka ta saman tabarau. Sunan ya bi ta har gida, jikokinta ma da shi suke kiranta. Tana budurwa ta shiga aikin, da kakkaɓe ƙurar kantoci ta fara. Ta yi aure, ta haihu, ta binne miji, duk tana bayan teburin nan mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali.

Ba ta iya ajiye abu babu bayani a jikinsa. Ko gwangwanin gishirin ɗakin girkinta da takarda manne. Babban ɗanta kan ce, "Mama, saura ki manna mini tawa a goshi, kar wata rana ki rasa inda za ki ajiye ni." Amma fa bakinta gam yake. Miji ya zo yana son jin abin da matarsa ta ara, sai ta ce ya je ya tambayi matar. Kuma tunda take ba ta taɓa korar kowa ba, har mai taɓin hankalin da ke zuwa barci ƙarƙashin fanka.

Da aka kawo sabon shugaba, ya duba kujeru ya ga ƙura ce ke zama a kansu. Ya ce a buɗe wa laburare shafi a intanet, a riƙa ɗora hotuna mutane su san ana nan. Anti ta yi ta mita, wai ita wayarta ta kira ce. To, da ta koya sai ta fi mai kora shafawa. Ta ɗauki sababbin littattafai, ta ɗauki tsohuwar taswira, ta ɗauki kyanwar da ta haihu a bayan kantoci. Hali zanen dutse: kowane hoto sai ta rubuta masa cikakken bayani a ƙasa, mene ne, a wane ɗaki, wace rana, kamar yadda take wa littafi. Kujeru kuwa suka fara cika.

Cikin masu zuwa karatun yara na ranar Laraba akwai wata yarinya da ake kira Aku saboda surutu, da uwarta, tela ce. Uwar kullum a kusurwa take zama, bayanta a bango, idonta a ƙofa. Ba ta taɓa yankar katin laburare ba. Wata rana ta tsaya har kowa ya watse, ta ce, "Anti, don Allah kar ki rubuta mu ko'ina. Uban yarinyar nan ya rantse duk inda ya gan mu sai ya ɗauke ta." Ta ja hannun riga, Anti ta ga ƙashin da ya karye ya haɗe a karkace. Daga nan ba ta tambaye ta suna ba, ba ta tambayi unguwa ba, balle lambar waya. A ganinta abin da ba ta sani ba babu mai ƙwace shi daga bakinta, har tana jin daɗin kanta.

Ranar da ta ɗauki hoton ɗakin yara ta yi taka-tsantsan iya saninta. Daga baya ta tsaya, ƙeyoyi kawai ake gani a kan tabarma. Sai dai Aku ba ta zama wuri guda, ta waiwayo daidai lokacin, rabin fuskarta ya fito can gefe, ɗan mitsitsi. Anti ba ta lura ba. Ta ɗora, ta rubuta a ƙasa: ɗakin yara, hawa na sama, kowace Laraba da la'asar.

Yabo ya yi ta zuwa. Can cikin sharhin wani shafi marar hoto ya rubuta, "Ta girma." Anti ta ɗauka ma'aikatar tasu ake nufi. Washegari mai shafin ya ƙara, "Kowace Laraba, ko?" Nan ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta ga fuskar Aku. Ta goge komai, amma ta san ihu ne bayan hari. Kuma babu ta inda za ta aika wa tela saƙo.

Laraba da rana wani mutum ya shigo, tsaf-tsaf, kaya a goge. "Sannu da aiki, Mama. Kati nake so." Ya yi murmushi, wushiryarsa sak ta Aku. Ta ce katuna sun ƙare, ƙaryarta ta farko a bayan teburin nan. Ya ce ba komai, zai ɗan duba jarida. Ya hau sama ya ja kujerar da ke kallon ƙofar ɗakin yara, ya buɗe jarida, bai ƙara juya shafi ba.

Ta je wurin shugaba ta faɗa masa. Ya ce, "Me ya yi, Anti? Zama laifi ne? Ke fa kika koya mana ba a korar kowa." Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kira ta asibiti kan mijinta.

Rana ta fara sanyi, yara suka fara shigowa. Ta bar teburin babu kowa, ta fita titi, ta ce a ranta gara ta tare su tun daga nesa, don in suka kawo bakin ƙofa zai hango su ta taga. A dama akwai tashar motar haya, a hagu lungun da ya ɓulle kasuwa. Ta ina suke zuwa? Ba ta taɓa tambaya ba. Ta ɗaga kai, mutumin ya naɗe jarida yana tsaye jikin taga.

Ta ce tela ai ba ta rasa sayen zare, ta yi hagu da sauri, gwiwa na ciwo. Ta leƙa lungun, babu su. Da ta waiwaya sai ta hango su sun taho daga tasha, sun fi ta kusa da ƙofar nesa ba kusa ba. Ta ƙwala kira, ƙarar motoci ta haɗiye shi. Aku ce kawai ta gan ta. Ta ɗaga mata hannu tana dariya, sannan ta ja uwarta suka shige ciki.