Tsohon Ciwon Ƙanena

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Kalgo ina karatun digiri na biyu a fannin ƙididdiga, na zaɓi in yi bincikena a kan raunukan da 'yan ƙwallon unguwa ke ji. Ni da ko tseren firamare ban taɓa ci ba, sai ga ni kullum da la'asar a bakin fili, ina bin samari da tambaya suna haki. Ƙarshen mako in hau mota zuwa gida Gwandu, can ma in yi ta zagayen filaye.

Da amsoshi suka fara taruwa, sai na ga kamar da ƙarfe aka ƙera 'yan wasanmu. Kusan kowa sau ɗaya ya taɓa jin rauni. Na tafi wurin malamin da ke duba aikina baki har kunne, na ce aiki ya zo da sauƙi. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce, "Koma ka sake tambaya."

Na koma. A filin Kalgo na ga mai tsaron gida yana ɗingishi, na ce, "Ka ji rauni ke nan?" Ya ce, "A'a malam, wanga ba rauni ba ne, tsohon ciwo ne ya motsa." Ashe haka kowa yake yi! A wurinsu sau ɗaya ake jin ciwo. In ya dawo, a je wurin maɗori ya ja ƙafar, ya shafa magani, ya ɗaure, kwana kaɗan a koma fili, kuma ba mai saka shi a lissafi.

Malamina ya zaunar da ni ya warware min. Ya ce in na ƙirga raunin farko kawai, na zubar da sauran labarin. In kuma na tara duka kamar mutane daban-daban ne suka ji su, na yi ƙarya, don targaɗe uku a ƙafar mutum ɗaya ba daidai yake da na mutum uku ba. Sai dai in bi kowane ɗan wasa shi kaɗai, in duba tsawon lokacin da ke tsakanin ciwo da dawowarsa. Na sha wuya kafin abin ya zauna min a kai, har kwamfutata ta gaji da ni.

Inda zancen ya shigo gidanmu shi ne ƙanena. Ɗan wasan gefe ne a Gwandu, in ya ɗauki ƙwallo sai ka ji fili ya ɗauki ihu. Shi ma yana da nasa tsohon ciwon a idon sawu. Karon farko ya shekara bai motsa ba, na biyu watanni, na baya-bayan nan makonni kawai. A ɗan abin da na tattara kuwa, masu irin wannan tazara mai raguwa, suna komawa fili ba su warke ba, su ne ciwon ya fi raba su da ƙwallo gaba ɗaya. Ana cikin haka wata babbar ƙungiya ta gayyace shi gwaji, abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah.

Na same shi a zaure yana wanke takalmansa. Na ce ya haƙura da gwajin, ya je asibiti, ya huta sosai tukuna. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, mi kake faɗi haka? Kai da ko ƙwallo ba ka iya tarewa!" Na yi bayani har bakina ya bushe, ko a jikinsa. Tsoro ya kama ni, wallahi, sai na kai maganar wurin mahaifiyarmu.

Inna ta saurare mu duka, ta ce, "Ni ban san lissafinku ba. Amma tunda yayanka ya ce akwai haɗari, ban yarda ba." A gidanmu in ta faɗi haka, magana ta ƙare. Bai je ba. Mun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ƙafar ta warke sarai. Gayyatar kuma ba ta sake zuwa ba. Yanzu yana koyarwa a wata firamare, da yamma ya ɗan taɓa ƙwallo da abokansa.

Wata rana ya goya ni a mashin za mu taron suna a Kambaza. Muna cikin tafiya, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Yaya, lissafin nan naka, cewa ya yi zan karye, ko ina iya karyewa?" Na ce, "Kana iya karyewa." Ya ce, "To." Ya ci gaba da tuƙi har muka isa.

Aikin nan ya koya min cewa lissafi yana iya faɗin abin da ya fi samun jama'a, amma ba ya sanin rabon mutum ɗaya. Da za a mayar da ni wancan zauren, ina jin abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Duk da haka zuciyata ba ta taɓa kwanciya gaba ɗaya ba. In na gan shi yana tafiya ba ɗingishi, sai in gode wa Allah. In kuwa ana nuna wasa a talabijin na ga ya ƙura wa 'yan wasan ido, sai in tashi in bar ɗakin.