Munawwara da Esin da ke Hura Zafi

A unguwarsu a Birnin Kudu, da sunan mai ƙanƙara aka fara sanin Munawwara. Matar Malam Yunusa tela ce, 'ya'yanta uku, kuma tun shekarar da ta tare take ƙulla zoɓo da kunun aya da lamurje a leda, ta jera su cikin wata tsohuwar firiza da ke rumfar tsakar gida. Masu shagunan bakin babban asibiti su ke sara a wurinta, domin mai jinya ba ya rabo da neman abu mai sanyi.

Firizar nan kuwa tana da nata halin. Sai ta yi wata uku lafiya lau, rana ɗaya ta ɗauke. Idan ta ɗauke sai a nemo mai kura, a ɗora ta, a tura har bakin kasuwa shagon Kawu Sada, ƙanen mahaifiyar Munawwara. A Kano ya koyi gyaran firji da esi, na'urar sanyaya ɗaki, tun yana saurayi, ya dawo gida ya yi shekara talatin yana yi. Kafin firiza ta je ta dawo, zoɓo ya yi tsami, kunun aya ya kumbura leda.

Ana nan sai hawan jini ya kayar da Kawu Sada. Ya tashi, amma hannunsa na dama bai tashi tare da shi ba, ko cokali ba ya riƙewa da kyau. Ya rufe shago, ya kwashe kayan aikinsa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado.

A bazarar da ta biyo baya firizar ta sake ɗaukewa. Munawwara ta kira shi a waya don ya gaya mata wanda za ta kai wa. Bai gaya mata kowa ba. Bayan la'asar sai ga shi a bayan ɗan acaba, akwatin ƙarfen a cinyarsa. Ya zauna a kujera 'yar tsuguno, ya ce ta jawo firizar daga jikin bango.

"Ni hannu babu," in ji shi. "Yau ke ce hannuna. Jona ta, ki yi shiru, ki gaya mini abin da kika ji."

Ta jona. Ta ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, sai ƙas, shiru. Bayan ɗan lokaci gurnanin ya dawo, sai kuma ƙas.

"Kamar tana so ta tashi ta kasa, Kawu."

"Haka ne. Cire wuta. Kin ga baƙin tulun nan na ƙasa? Shi ne kwamfuresa. A gefensa akwai wata 'yar roba, zare ta, ki kaɗa ta a kunnenki."

Ta zare, ta kaɗa, ta ji abu na caccaka a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Kawu ya ce ta ƙone, ya sa ta tono irinta a akwatinsa ta maye gurbin. Da ta mayar da wuta sai kwamfuresa ya kama, ya ci gaba da zuzu ba tsayawa. Munawwara ta tsaya tana kallon 'yar robar da ke tafin hannunta. Abin da bai kai akwatin ashana ba, shi ne ya sha sa ta zubar da bokitin zoɓo.

Tana mayar da firizar sai hannunta ya taɓa ƙarafan baya, ta ji su da zafi rau. Ta daɗe da sanin suna zafi, ba ta dai taɓa samun wanda za ta tambaya ba.

"Kawu, abin da aikinsa sanyi, me ya haɗa shi da zafi?"

Tsohon ya gyara zama, da alama tambayar ta yi masa daɗi. "Ai ba sanyi take yi ba, 'yar nan. Zafi take kwasa. Gas ɗin da ke yawo a bututun nan shi ke ɗebo zafin zoɓonki daga ciki, ya fito da shi nan baya ya zubar, ya koma ya sake ɗebowa. Wannan da kika taɓa, zafin zoɓonki ne."

Ranar har tuwon dare ya kusa kamawa tana juya maganar. Washegari ta aika masa da tambaya ta biyu, jibi ta uku. Da tambayoyin suka yi yawa sai ya ce waya ba ta koyar da sana'a, ya riƙa zuwa duk Asabar da Talata. Malam Yunusa ya yi dariya da ta gaya masa, ya ce ya yarda, muddin ba za ta kwance masa keken ɗinki ba. Daga baya shi da kansa ya ɗinka mata jakar kaki mai aljifai, na filaya daban, na sukuddireba daban, na mita daban.

Da matattun firji ta fara, waɗanda Kawu ya tara a bayan gidansa. Ta koyi auna wuta da mita, ta koyi naɗe wayar fanka, ta koyi lanƙwasa bututun jan ƙarfe ba tare da ya tsuke ba. Walda ce ta ba ta wuya, har yau akwai tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu. Aikinta na farko na waje, firjin wata maƙwabciya, kunya ya ba ta. Ta ɗura gas, firji ya yi sanyi, aka yi ta sa mata albarka, kwana uku sanyi ya gudu. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce ta kaɗa ruwan sabulu ta bi bututun tana shafawa gaɓa-gaɓa. A gaɓa ta shida kumfa ya fara tasowa.

"Gas ba ya ƙarewa kamar kalanzir," ya ce. "Idan babu shi, ta wani wuri ya fita. Nemo wurin tukuna."

Abin da ya buɗe mata kasuwa shi ne tana shiga inda maza ba sa shiga. A da, mace ta gaya wa maigida abin da firji ke yi, maigida ya gaya wa mai gyara rabinsa, a kwantar da firji a kura a yi ta jijjiga shi a hanya, wani lokaci ya isa shago da ciwon da bai bar gida da shi ba. Ita kuwa har uwar ɗaka take shiga. Ta ga firjin da aka manna da bango aka lulluɓe bayansa da leshi don ado, ba ta inda zai sha iska. Ta ga firizar da aka huda da wuƙa garin ɓamɓarar ƙanƙara. Ta gyara hitar ruwa a gidajen masu jego ba adadi. Kowane gida da abin da take koyowa, ta dawo ta zayyana wa Kawu.

A shekararta ta uku a sana'ar, cikin watan Agusta, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ummussalma, wadda ke sayen zoɓonta, ta zo mata da magana. Mahaifiyarta, Hajiya A'i, tana Gwaram. Yayan Ummussalma da ke aiki a Legas ya sa wa tsohuwar sola, ya aiko da esi na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. Ya yi wata biyu yana aiki, sai ya rikice.

"Da rana tsaka, lokacin da ake neman sanyi, sai ya yi gum," in ji Ummussalma. "Da sassafe kuwa, ko bayan an ɗauke ruwan sama, sai ya riƙa huro zafi kamar bakin murhu. Wani mai gyara ya je da azahar, ya ce kansa ne ya ƙone, sai an sayo sabo. Inna kuma ta fara cewa a cire mata shi, ba ta yarda da abin ba."

Munawwara ta san esin da ba ya sanyi, ta san mai ɗigar ruwa, ta san mai ƙara. Mai hura zafi ba ta taɓa ji ba. Ta ce ba ta yi alkawarin gyarawa ba, amma tana so ta gani da idonta, kuma da safe.

Suka kama motar farko daga tasha. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, gero da dawa sun yi kore shar a gefen hanya. Kafin ƙarfe takwas suna gidan. Hajiya A'i tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin ido, tana zaune bakin gado ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. Bayan gaisuwa ta dubi jakar kakin, ta dubi mai jakar.

"Ke ce mai gyaran? To, ga shi nan, ki ji da shi."

Aka kunna. Minti biyu, uku, ba komai. Can sai murfinsa ya buɗe, iska ta fara fitowa. Munawwara ta ɗaga hannu, ta ji ɗumi, ɗumin ya zama zafi sosai. Ta fita da sauri ta zagaya bayan ɗaki inda aka kafa rabinsa na waje. Fankarsa na juyawa, kwamfuresa na aiki sumul, amma iskar da ke fitowa sanyi ƙalau, har raɓa na tsattsafowa a jikin ƙarafan. Ta tsuguna a wurin tana dubawa. Babu abin da ya ƙone. Injin yana yin aikinsa daidai, sai dai a juye, yana ɗebo zafi daga waje yana zubawa a ɗaki.

Ta leƙa ta ramin murfin. Bayan kwamfuresa ta hango wani guntun ƙarfe ruwan tagulla, bututu huɗu sun haɗu a jikinsa, da 'yar waya. A duk esin da ta taɓa buɗewa babu wannan. Ta ɗauki hotonsa a waya, ta koma ɗaki.

"Inna, ina rimot ɗinsa?"

Tsohuwar ta zaro shi daga ƙarƙashin matashi. Rubutun jikinsa ba Turanci ba ne, ba wanda ya iya karantawa, sai 'yan zane-zane: ɗigon ruwa, fanka, wani abu mai tsinke-tsinke kamar ƙarangiya, da rana. A kan gilashinsa hoton rana ne ke nunawa, da lamba talatin.

"Wa ya kai shi kan rana, Inna?"

"Ni mana. Da ƙarangiyar nan aka bar mini shi, ban ga abin da ya haɗa ni da ƙarangiya ba. Rana ce ke damuna, sai na danna masa rana don ya san abin da zai yi magani. Lambar ma na ƙure ta, ya yi aiki da ƙarfi."

Ummussalma ta kama baki. Munawwara ta danne dariyarta, ta yi ta latsawa har ƙarangiyar ta dawo, ta sauke lambar zuwa ashirin da huɗu. Esin ya yi shiru, can waje aka ji wani huci, fuu, kamar an sassauta tayar keke. Ba a jima ba sanyi ya fara sauka. Yanzu ta gane dalilin da yake yin gum da rana: an umarce shi ya ɗumama ɗaki zuwa talatin, da azahar kuwa ɗakin ya riga ya wuce haka, ba shi da abin yi.

Ta yi wa Hajiya bayani a hankali, cewa a ƙasar da aka ƙera shi sanyi ne ke damun mutane, shi ya sa aka yi shi da aiki biyu. Tsohuwar ta shafa gwiwa.

"Wato idan sanyi ya shigo, in na danna rana, zai ɗumama mini ɗaki?"

"Zai ɗumama, Inna."

"Ba kaskon gawayi, ba hayaƙi?"

"Babu."

"To, Ummussalma, gaya wa yayanki na fasa, kada a cire." Ta miƙa wa Munawwara rimot ɗin. "Ke kuma ɗaura mini alama, jan zare a wajen zafi, don kada in sake ruɗewa."

Babu inda za a ɗaura zare, sai suka ɗiga jan farce a gefen zanen ranar. Hajiya ta sa aka kamo zabi biyu, ta ce ba a mayar mata da kyauta.

Da ta dawo, daga tasha gidan Kawu Sada ta wuce, zabin na kuka a kwali. Ta nuna masa hoton. Ya sa tabarau, ya matso da wayar, ya nisanta ta, ya daɗe yana kallo.

"Na ji labarinsa a wurin maigidana a Kano," ya ce. "Shi ke juya wa gas hanya. Amma wallahi ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Me ke cikinsa da yake juyawar?"

"Abin da na zo tambayarka ke nan, Kawu."

"To, mu biyu ne ba mu sani ba."

Sai da aka yi wata biyu kafin Malam Yunusa, da ya je Kano sarin yadi, ya samo musu mataccen irinsa a wurin 'yan gwangwan. Ranar wata Asabar Munawwara ta ɗaure shi a jikin benci, ta yanka shi a tsaye da zarton ƙarfe, Kawu na gefe yana cewa a hankali. A ciki suka tarar da wani ɗan abu kamar kwale-kwale a kife, yana zamewa hagu da dama, ya rufe wannan rami ya buɗe wancan. Kawu ya sa yatsan hannunsa mai lafiya ya tura shi, ya dawo da shi, ya sake turawa, yana ta murmushi. Suka yi rabin yini suna gardamar ta wane bututu gas ke shiga, suna zane a ƙasa da tsinke, har Munawwara ta manta ta ɗora zoɓo.

Yanzu ana kiranta har garuruwan Surko da Sara, duk inda sola ta kai firji. Tana hawa acaba da jakarta a gaba, ta je ta dawo kafin magariba. Aikin da ya shafi hawa bango ko ɗaga babban inji takan haɗa mutane da wani mai gyara a kasuwa, shi ma idan aiki ya kai shi ƙofar gidan da ba a shiga sai ya turo mata. Ta rage ƙulla kunun aya, amma zoɓo yana nan. Cikin watan Janairu Ummussalma ta tsaya a ƙofar gida ta ce Inna na gaishe ta, ta ba da kaskon gawayinta kyauta, kuma tsofaffin unguwa uku sun mayar da ɗakinta wurin hirar hantsi.