Ranar da Aka Ce Darlene Ta Kunna Wuta

Darlene Pruitt ta daɗe tana dafa wa yaran firamare abinci a wani ƙaramin gari da ke cikin tsaunukan arewacin Kalifoniya. Mace ce marar yawan magana, abin da aka fi saninta da shi miyar wake ce. Shekarar da gobarar daji ta cinye gidanta, da kayan jikinta kaɗai ta tsira. Tun daga nan ko ashana aka ƙyasta sai gabanta ya faɗi.

Da ta koma ɗakin bayan gidan ƙanenta Wendell, sai ta shiga kwalejin garinsu koyon rigakafin gobara. Burinta ta samu takardar da za ta ba ta aikin zagayawa gida-gida tana nuna wa mutane inda wuta ke shigowa.

"Yaya, da furfurarki za ki hau jar motar kwana-kwana?" in ji Wendell.

"Ba kashewa zan koya ba, hanawa."

"To in kin hana, wa zai san kin yi aiki?"

Ta ɗauki jakarta ta wuce kwaleji.

A aji komai ya zo mata a birkice. Malaminsu, Kyaftin Hollis, tsohon ɗan kwana-kwana, ya ce dajin ya ƙone ne saboda an daɗe ana hana shi ƙonewa. Ta rubuta, ta karanta, ta ɗauka kuskure ta yi. Ta tambaya a hankali. Ya ce haka ne, busasshen ganye da ƙirare ne suka taru.

A ƙarshen zangon karatu Kyaftin ya kwashe su zuwa wani gangare bayan an yi yayyafi. Kowa sai ya kunna layinsa na wuta, in ba haka ba babu takarda. Ya miƙa mata gwangwanin mai mai dogon baki, wuta na ci a bakinsa.

"Kyaftin, ni fa hanawa na zo koyo."

"Ita ce wannan, Misis Pruitt. Ƙaramar wutar yau ta cinye abincin babbar gobe."

"In ta girma fa?"

"Ga mota cike da ruwa, ga mu. Karkata shi."

Ta karkata. Mai ya ɗiga, ciyawa ta kama, wutar ko idon sawu ba ta kai ba. Kafin Darlene ta ankara, takalminta ya tattake ta. Ta sake ɗigawa, ƙafar ta sake takewa. 'Yan ajin suka fashe da dariya.

"Baiwar Allah," in ji Kyaftin, "hannunki ɗalibina ne, amma ƙafarki wa ya ɗauke ta aiki?"

Ita ba ta yi dariya ba. Warin hayaƙin irin na ranar ne sak, ta kasa gane me ya sa yau ake cewa alheri ne.

Kyaftin ya matso kafaɗarta, ya rage murya. "Ga wancan dutsen can. Shi za ki kalla. Bayanki nawa ne."

Ta fara tafiya tana ɗigawa. Tana jin ƙarar ciyawa a bayanta, zafi na lasar wuyanta. Ba ta waiwaya ba.

Da ta dafa dutsen, ya karɓi gwangwanin ya ce ta ci jarrabawar.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan."

Ta juya. Gangaren ya yi baƙi ƙirin, itatuwa na tsaye lafiya lau. Ta daɗe tana kallo, ta rasa ko murna ake yi ko jaje.