Malam Uwaisu da Koren Dankali

Malam Uwaisu bai tashi da sanin dankalin turawa ba. A rugar mahaifinsa kusa da Kiyawa ya girma, a bayan shanu. Da shanun suka ƙare, wasu ciwo ya ci, wasu aka sayar, sai ya tattaro iyalinsa ya kama ɗaki a unguwar Yalwawa a Dutse, ya kafa tebur a bakin titi yana kasa dankalin da ake kawowa daga Jos.

Dankalin ba ya son zafin Dutse. Kafin buhu ya ƙare rabi ya yi tsiro, wanda rana ta doka kuma bayansa ya koma kore. Irin wannan ragowar yake kaiwa gida.

Wata bazara matarsa Zakiyya ta soya shi da yawa. Su manya da suka ji ɗaci yana kartar maƙogwaro suka tsame hannu. 'Yarsu Munira kuwa, da ta dawo makaranta da yunwa, ta ci ta ƙoshi. Kafin la'asar tana amai da gudawa, tana murƙususu riƙe da ciki.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da yarinyar ta ci. Da ta ji, ta ce, "Baba, koren nan da tsiron akwai guba a cikinsu, suya ba ta kashe ta. In kaɗan ne a fere da zurfi. In ya yi yawa ko yana ɗaci, a zubar."

Munira ta warke, amma har yau ba ta cin dankali.

Tun daga nan kullum da safe Malam Uwaisu yana durƙushe yana tsince buhu ɗaya bayan ɗaya, bayansa na ciwo. Mai kyau ya lulluɓe shi a inuwa. Koren kuwa sai ya haƙa rami ya binne, don kada awakin unguwa su ci.

Masu saye ba su gode masa ba. Wata mai suyar dankali ta taɓa nuna tarin da ya ware ta ce, "Malam, ka ba ni wancan da sauƙi mana."

"Ba na ci ba ne, Hajiya."

"Wa zai gane in ya sha mai?"

Ya gaji da bayani, ya ci gaba da aikinsa. Ta tsallaka teburin gaba, aka auna mata.

Yanzu gemunsa ya yi fari. Yakan ce wa Zakiyya in damina ta faɗi zai koma ƙauye ya yi noman gero. Ita dai takan miƙo masa man zafi, ta ce ya juyo ta shafa masa.