Jan Takalmin Fusae

A garinmu na bakin teku abu biyu ne ba sa fashi a watan shida: ruwan sama, da farar motar asibiti mai duba lafiyar mata. Su biyun kuwa Fusae Tokunaga take riga su isowa.

Fusae mai busar da kifi ce, gajeriya, ga murya kamar ƙahon jirgin ruwa. Shekara ashirin da uku ita ke yawo da allon sanarwa gida-gida, kowace mace ta buga hatiminta cewa za ta je a duba ta. Kunya kam ba a raba da ita ba. Ta taɓa tare matar shugaban masunta a tsakiyar kasuwa ta ce, "Ke, nonon nan da kike ɓoyewa na zinari ne? Injin duba nonon ya matse waɗanda suka fi shi, bai fasa ko ɗaya ba!" Wata tsohuwa, Matsuno, ta ce ai tana al'ada. Fusae ta ce, "Da shekara saba'in? To lallai ke za a fara dubawa." Mata suna zaginta, amma suna zuwa. Uku ma an gano musu ciwon daji da wuri, ga su nan da ransu suna ci gaba da zagin.

Abin da ba wanda ya sani, ƙafar Fusae ba ta taɓa taka cikin motar nan ba. Tana 'yar sha tara uwarta ta tafi asibiti da ƙafarta don a duba ta, aka dawo musu da tokar gawarta a tulu. Tun ranar tsoro ya zauna mata daram. Dabararta kuwa ba wuya: tunda ba a shiga motar da takalmi, sai ta zo da iri biyu. Ta jera jan takalminta na roba a bakin matakala, ta zura silifa, ta zagaya bayan zauren taro ta kunna taba. Ciki duk labule ne, kowa da lungunta. Wadda ta ga jan takalmi sai ta ce, "Jarababbiyar tana ciki."

Bana dai, tun farkon bazara, ta ji wani abu a nononta na hagu kamar ƙwayar wake. Ba ta gaya wa kowa ba, sai ma ta ƙara ɗaga wa mutane murya.

Ranar motar aka tsuge da ruwa. Kinuyo, ƙawarta tun firamare, ɗaya daga cikin ukun nan, mace ce da ba ta iya ganin takalmi a karkace. Ta sunkuya za ta juya na Fusae ya fuskanci hanya, sai ta tarar ruwa ya kai rabinsa, alhali mata shida sun shiga sun fito. Ta leƙa ta tambayi nas ko Fusae tana ciki. Nas ta ce ba ta san mai wannan suna ba.

A bayan zaure ta same ta, taba a baki.

"Sannu, babbar likita! A nan suke duba ki?"

"Iska na fito sha."

"Shekara ashirin da uku kina shan iska? Munafuka! Ni da kika ja ni da wuyan riga ina kuka!"

Fusae ta yar da tabar, ta taka ta. Can ta ce, "Kinuyo, akwai abu a nan. Tsoro nake ji."

Kinuyo ta matso kusa. Sannan ta kamo hannun Fusae ta ɗora a ƙirjinta, gefen da aka yanke nono, a shafe. "Nan ma da akwai abu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ga ni ina zaginki. Tuɓe silifan nan." Ta karɓe su ta cilla kan rufi.

Haka Fusae ta tako cikin taɓo ƙafa ba takalmi, mata suna kallo. Daga cikin layi tsohuwa Matsuno ta ɗaga murya: "'Yar nan, na zinari ne?"

Aka kwashe da dariya. Fusae, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, yau motar kawai ta nufa. Ta goge ƙafa, ta kama ƙarfen matakala, ta shige.

Kinuyo ta zubar da ruwan takalmin, ta juya shi ya fuskanci hanya, ta tsuguna kusa da shi da lema tana jira.